Inuwar Mai Rumfa

Shagon Mai Rumfa yana bakin titi ne, tsakanin mai gyaran firij da wani kantin magani. Daga waje ba abin da ake gani sai fararen kujerun roba an ɗora su bisa juna har sun kusa taɓa silin, kowace da ɗigon jan fenti a bayanta don kada ta ɓata cikin na wasu. Daga ciki kuma akwai sito mai duhu, inda ake jingine ƙarafan rumfa da tamfol a naɗe. Duk mai taro a wannan ɓangaren gari, biki ne ko taron makaranta ko zaman makoki, ko dai ya zo nan, ko ya tsallaka titi wurin Dogo, wanda shi ma sana'arsa ke nan, sai dai nasa ɗigon fentin kore ne.

Mai Rumfa gajere ne, mai ɗan tumbi, kuma ba a taɓa jin kansa da kowa ba. In aka ja shi hirar siyasa sai ya ce, "Kujera ba ta da jam'iyya, duk wanda ya zauna ɗaukarsa take yi." Tsakaninsa da Dogo kuwa sai ɗaga hannu daga nesa, kowa yana satar kallon motar da ta tsaya a ƙofar ɗan'uwansa.

Wata Lahadi da hantsi 'yar yayarsa, wadda kowa ke kira Auta, ta zo gidansa da jakar kyamara a kafaɗa. Auta ta yi aiki a gidan talabijin har ta gaji, ta fita ta kama yin finafinan kanta, irin waɗanda babu ɗan wasa a ciki, sai mutane na gaske suna faɗin abin da ya faru da su. Ta gaishe shi, ta gaishe da matarsa da ke kan keken ɗinki a gefen falo, ta sha ruwa, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Fim take yi a kan kamfanin takin zamani da ke bayan unguwa. Shekara da shekaru kamfanin yana sako gurɓataccen ruwa cikin rafi. Duk zaɓe, 'yan takarar shugabancin gari su biyu, na masu shuɗin ƙyalle da na masu ruwan ɗorawa, kowa sai ya rantse zai hana. Wanda ya ci kuma sai ya yi gum. Mutane da yawa sun gaya mata kamfanin ne ke ɗaukar nauyin yaƙin neman zaɓen ɓangarorin biyu, amma duk "an ce" ne. Tana neman wanda ya gani da idonsa.

"Kawu, kai ka kafa rumfunan manyan tarukan zaɓen da ya wuce, na nan da na can. Wa ya biya ka?"

"Allah ya biya ni," in ji Mai Rumfa.

"Kawu mana."

"Ke Auta, ki rufa mini asiri. Ni ɗan kasuwa ne. Bakin da ke cin abinci ba ya surutu."

Matarsa ba ta ko ɗago kai daga ɗinkin ba ta ce, "Mai farar motar nan na kamfani ne ya biya shi, duka biyun. A ɗakin nan ya ba ni labari har kunnena ya gaji."

"Ke da wa ake magana?"

"Da wadda ke tashi rufe tagogi duk sanda iska ta juyo daga rafi, Malam."

Auta ba ta matsa masa ba. Ta buɗe kwamfutarta kawai ta ce ya ga abin da ta riga ta ɗauka. A ciki akwai wata tsohuwa mai lambu a bakin rafi, tana ɗaga ganyen latas da ya ƙone ta gefe kamar an kara shi a wuta, tana magana ba kuka ba fushi. Mai Rumfa ya san ta, shi ya kai kujeru lokacin rasuwar mijinta. Ya kalla har ƙarshe. Sai da aka kwana biyu ya kira Auta a waya ya ce zai yi, amma da sharaɗi. Kada a ga fuskarsa, kada a ji muryarsa ta gaskiya, kada ko a mafarki a ambaci sunansa.

A siton shagon aka yi ɗaukar, da sassafe kafin ma'aikatansa su zo. Auta ta kafa fitila a bayansa yadda ba abin da zai fito sai baƙar inuwa. Ya cire zobensa da agogonsa, ya sa wata riga da ya aro wurin surukinsa. Da ya zauna sai kujerar ta yi masa ƙasa, kansa bai kai inda hasken yake ba, don haka aka ɗora masa kujeru bisa juna ya hau, ƙafafunsa suna lilo. Auta ta durƙusa da kyamara tana ɗauka daga ƙasa.

Da farko sai da Auta ta yi ta jansa da tambaya. Amma da ya shiga bayanin aikinsa sai bakin ya buɗe. Ya faɗi yadda aka kira shi ofishin kamfanin, yadda mutum ɗaya ya ba shi aikin taron masu shuɗi, bayan 'yan kwanaki ya sake kiransa ya ba shi na masu ruwan ɗorawa, a fili ɗaya, da motocin kamfani suna kawo ruwan sha da huluna. Sai da Auta ta ce batir ya kusa ƙarewa sannan ya yi shiru.

"Har an gama?" ya tambaya, kamar bai so ba.

Watanni suka wuce Auta tana haɗa fim ɗin, har Mai Rumfa ya fara fatan ta manta. Sai ga sanarwa za a nuna shi ranar Asabar da la'asar a babban zauren ɗakin karatu na gari. Ya ce ba zai je ba. Matarsa ta ce rashin zuwan ne zai tona shi, tunda duk dangi za su je taya Auta murna. Ya je, ya zauna a layin baya kusa da ƙofa, ya lura kujerun zauren ma na Dogo ne.

Aka ja labule aka kunna majigi. Aka ga rafin, aka ga tsohuwa mai lambu, aka ga wani tsohon akawun jam'iyya yana kame-kame, aka ga 'yan takarar biyu kowa a kan dandamalinsa yana rantsuwa da kalmomi kusan iri ɗaya, jama'a suka yi dariya. Can sai allon ya yi duhu, ga wata inuwa doguwa mai faɗin kafaɗa, da murya kamar ta bijimi a cikin rijiya.

"Kujerun da na jera wa wancan ranar Talata," in ji inuwar, "su na jera wa wannan ranar Asabar. Hannu ɗaya ne ya biya. Ƙyalle kawai muka canja."

Zauren ya ɓarke da tafi. Wani daga gaba ya miƙe yana cewa a maimaita wurin. Mai Rumfa ya ƙara nutsewa cikin kujerarsa. Matarsa ta ɗan taka masa ƙafa ba tare da ta dube shi ba.

Kafin mako ya zagayo, guntun wurin ya shiga wayoyin mutane. "Ƙyalle kawai muka canja" ta zama maganar gari. Mai gyaran firij ya faɗa wa wanda ya kawo tsohon firij da sabon fenti, mata suna faɗa a layin famfo, direbobi suna faɗa in aka sauya musu jami'in tasha. Daga nan aka koma tambayar wane ne mai inuwar. Masu rumfar da za su iya ɗaukar taro irin wancan su biyu ne a garin, kuma inuwar doguwa ce. Magana ta ƙare, Dogo ne.

Mai Rumfa ya yi ajiyar zuciya da ya ji haka. Kwana biyu yana barci har da munshari. A rana ta uku yana zaune a teburin mai shayi da safe, sai ga Dogo ya tsallako. Mutane suka matsa masa wuri, wani ya ce a haɗa masa mai kauri shi zai biya.

"Dogo na gaskiya! Ashe haka kake?"

Dogo ya zauna ya naɗe dogayen ƙafafunsa, ya yi murmushi ya ce, "Ni dai ban ce komai ba."

"Mun sani, mun sani. Ai namiji ba ya faɗa."

Mai Rumfa ya ajiye kofin shayinsa bai ƙarasa ba, ya tashi. Da ya koma gida cin abincin rana bai ko cire takalmi ba ya fara.

"Kin ji mutumin nan? Wai shi bai ce komai ba. To ai gaskiya ne, bai ce komai ba! Ni na ce! Ni na hau kujeru ƙafata tana lilo kamar ɗan yaye!"

"Wa ya ce a ɓoye fuskarka?"

"Ni."

"Wa ya ce a ba ka muryar bijimi?"

"Ai ban ce a ba wa Dogo maganata ba."

Matar ta yi dariya har ta ajiye almakashi. "Malam, kana so ka yi wanka kuma kada ruwa ya taɓa ka. Ci abincinka kafin ya huce."

Ya kira Auta ya yi mata ƙorafin ta sa shi ya yi tsawo. Ta ce in yana so gobe ta saki hoton da fuskarsa a fili. Ya yi sauri ya ce a'a, shi ba haka yake nufi ba, kawai dai yana faɗa ne.

Haka aka yi ta tafiya, yana kallon mutane suna tsayawa gaida Dogo, har ranar da farar mota ta tsaya a ƙofar shagonsa. Mutumin kamfanin ne ya fito, da murmushinsa da ƙamshin turarensa. Ya ce kamfani zai yi babban taron ma'aikata da iyalansu, wanda a da Dogo ke yi musu duk shekara. Bana sun fasa ba shi, kuma ba za su ƙara ba.

"Mu muna son mutum mai riƙe bakinsa," in ji shi. "Irinka. Ka zo ofis gobe mu yi magana."

Mai Rumfa ya ce to, ya raka shi har mota. Ya dawo ya zauna a kan kujera ɗaya, yana kallon tsallaken titi, inda Dogo ke tsaye da bokiti yana wanke kujerunsa da soso. Aikin babba ne, irin wanda ke riƙe shago wata da watanni. Amma duk yadda ya juya abin a ransa, wuri ɗaya yake komawa: shi ya yi magana, wani aka kora, kuma shi za a ba ladan shirun da bai yi ba. Da rana ta yi sanyi ya tashi ya tsallaka titin, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Maƙwabci, yau kai ne a gaɓarmu?" in ji Dogo. Ya sauko da kujera ya goge ta da gefen rigarsa. "Zauna. Tawa ma tana ɗaukar mutum."

Mai Rumfa ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya yi maganar tsadar tamfol. Daga ƙarshe ya ce, "Dogo, inuwar nan ta cikin fim..."

"Kai ne."

"Wa ya gaya maka?"

"Haba maƙwabci. Shekara nawa ina kallonka daga nan? In za ka faɗi magana mai nauyi sai ka ƙwanƙwasa hannun kujera da ɗan yatsa. Inuwar tana fara ƙwanƙwasawa na ce wa matata, ga gajeren can."

"To me ya sa ba ka ƙaryata ba?"

Dogo ya matse soson ya ajiye. Ya ce ranar farko ya ƙaryata, aka ƙi yarda. Rana ta biyu babbar 'yarsa ta dawo daga makaranta ta ce malaminsu ya nuna musu fim ɗin a aji, duk 'yan ajin suka juyo suna kallonta, ita kuma ta ji kamar ta tashi sama. Daga nan bakinsa ya yi nauyi.

"Kuma ka san wani abu? Lasifikokin tarukan nan biyu nawa ne. Mutumin nan ni ma shi ya biya ni. 'Yar taku ta zo wurina kafin ta je wurinka, na ce mata ban san komai ba. To da aka ɗora mini, sai na ce bari in ɗauka, ai da ma kayana ne na ƙi ɗauka."

"Sun ƙwace maka taron ma'aikata. Yau suka kawo mini."

"Na ga motar." Dogo ya ɗaga kafaɗa. "Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma tun fitowar fim ɗin ƙungiyar malamai ni take kira, masu lambu ni, 'yan tasha ni. Ƙanana ne, amma ba sa yankewa. Ka karɓi aikinka, ba ni da haushi."

Dogo ya aika aka kawo lemo mai sanyi, suka sha, hira ta koma kan wane kamfanin roba ne kujerunsa ba sa tsagewa a rana. Ashe duk shekarun nan kowa yana da abin da yake so ya tambayi ɗan'uwansa.

Washegari Mai Rumfa ya sa rigarsa mai kyau, ya sa zobensa da agogonsa, ya tafi ofishin kamfanin. Aka shigar da shi ɗaki mai sanyi. Mutumin ya miƙo masa hannu yana fara'a.

"Yallaɓai, kafin mu yi nisa," in ji Mai Rumfa, "mutumin cikin fim ɗin nan ba Dogo ba ne. Ni ne."

Mutumin ya dube shi daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba, ya yi dariya. "Kai? Ai wancan dogo ne."

"Kujeru aka ɗora mini."

Dariyar ta tsaya. Mai Rumfa ya ƙarasa maganarsa. Ya ce bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, kuma bai zo faɗa ba. In suna son kujeru ga kujeru, in ba sa so Allah ya haɗa kowa da rabonsa, sai dai kada a hukunta wani a kan bakinsa. Mutumin ya ce za su neme shi. Ba su neme shi ba, ba su koma wa Dogo ba, daga wani gari suka ɗauko masu rumfa a wannan shekarar.

Da ya fito sai ya ji jikinsa sakayau kamar an sauke masa buhu. Bai tsaya ko'ina ba sai teburin mai shayi, ya samu 'yan hira sun cika. Ya gyara murya ya ce yana da sanarwa: inuwar nan da ake ta magana, shi ne.

Sai mai gyaran firij ya fashe da dariya, saura suka bi.

"Kai Mai Rumfa! Kai da ko kaza ta shiga shagonka sai ka ba ta haƙuri kafin ka kore ta?"

"Wallahi ni ne. Ku tambayi Dogo."

Aka ƙwala wa Dogo kira daga tsallake. Ya zo ya ce gaskiya ne, maƙwabcinsa ne, shi bai taɓa zama gaban kyamara ba. Mutane suka girgiza kai suna sha'awa. "Ka ga mutumin kirki," in ji wani. "Har yanzu yana ɓoyewa, har ya samu mai rufa masa." Aka ƙara wa Dogo shayi.

Mai Rumfa ya buɗe baki zai yi musu, sai ya ga Dogo yana ƙoƙarin danne dariya har kafaɗunsa suna rawa, shi ma dariyar ta kama shi. Da ya ba matarsa labari ta ce maganinsa ke nan, amma ranar da nama ta yi masa miya, kuma ya ji ta a waya tana gaya wa yayarsa, uwar Auta, yadda ya shiga ofishin mutanen nan shi kaɗai. A bakinta har ya buga tebur, shi kuwa bai gyara mata ba.

Fim ɗin bai kifar da kowa daga kujera ba. Shugaban gari yana nan, ya ce shi bai ma kalla ba. Amma maganar ta yi yawa har majalisar gari ta tura masu duba ruwa, kamfanin ya haƙa wani babban rami yana tara dattinsa a ciki, warin ya ragu ƙwarai, ko da yake masu lambu sun ce sai an ga damina tukuna. Mai farar mota aka mayar da shi wani reshe. Auta ta samu gayyata ta nuna fim ɗin a wasu garuruwa, ta dawo ta fara wani sabo a kan masu buga fastocin zaɓe.

Ƙarshen zangon karatu babbar makarantar sakandaren gari ta ba Dogo aikin bikin yaye ɗalibai. Kujerunsa ba za su isa ba, ya tsallako ya ce su haɗa. Tun da safe suna filin makaranta, ma'aikatansu suna sauke kaya daga motoci biyu, su kuma suna gardama a kan inda rumfar manyan baƙi za ta fuskanta. Dogo ya ce yamma, Mai Rumfa ya ce arewa, in ba haka ba rana za ta dake su a ido kafin shugaban makaranta ya gama jawabi, kuma kowa ya san jawabinsa ba ya ƙarewa da wuri. Suna cikin haka hadari ya taso daga kudu, iska ta fara ɗaga gefen tamfol.

"Maƙwabci, bar gardamar nan, kama igiya!" in ji Dogo.

Mai Rumfa ya tattare rigarsa ya ruga ya kama, yana ƙwala wa ma'aikata kira su kawo guduma da turaku. Suka ɗaure rumfar ta fuskanci inda Mai Rumfa ya ce, don nan iskar ta fi sauƙi. Ruwan bai sauko ba sai da aka tashi daga taron.